Me Ka Ajiye A Can Sama?

Ranar wata Asabar cikin watan Oktoba na 2023, ruwa ya fara ɗaukewa amma ciyawa ba ta bushe ba tukuna, na yi sammako daga gidana a Unguwar Kanawa, na hau Keke Napep zuwa tashar Kawo, na shiga motar Zariya. Tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Hantsi bai gama dubar ludayi ba ina Wusasa, gindin Dutsen Kufena, da gorar ruwa a hannu da 'yar jaka a kafaɗa. Ba ni da ɗan'uwa a Wusasa, ba biki na zo ba, ba ta'aziyya ba, ba kuma wanda nake bi bashi. Dutsen na zo hawa.

A kan 'yar hanyar da ta ratsa gonaki ta nufi dutsen na iske wata tsohuwa tana tattara itace. Na ce, "Sannu da aiki, Iya."

Ta ce, "Yauwa ɗan nan, sannu kadai. Ina aka nufa?"

Na ce, "Kan dutsen nan zan hau."

Ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dube ni tun daga hula har takalmi, sa'an nan ta ce, "Me ka ajiye a can sama?"

Na yi dariya na ce ban ajiye komai ba, kallo kawai zan yi. Ta ce, "To Allah Ya kiyaye hanya. Aikin yi ne dai ba ku da shi." Ta sunkuya ta ci gaba da abin da take yi.

Ba ita ce ta fara yi mini wannan tambaya ba. Uwargida ta sha yi, musamman idan ta lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa ta ga sun isa cefanen kwana biyu. Abokan aikina malamai ma sun yi, har wani ya laƙaba mini suna Barbushe. Amma duk waɗannan da wasa nake sallamar su. Ta tsohuwar nan ce ta tsaya mini a rai, domin ita da kaya a gabanta ta yi tambayar. Abin da nake so mu duba ke nan a wannan maƙala, 'yan'uwa marubuta: mutum ya bar gida, ya kashe kuɗi, ya wahalar da gwiwoyinsa don kawai ya tsaya a wuri mai tsawo ya kalli ƙasa, shin wani abu ne mai daraja, ko kuwa ƙoshi ne ya yi masa yawa?

Idan harshenmu za a tambaya, to tsohuwa ta riga ta ci shari'a. Bahaushe ya yarda tafiya mabuɗin ilmi ce, amma tafiyar da ya sani mai dalili ce: fatauci, cin rani, almajiranci, zumunci, aikin Hajji. Wadda ba ta da dalili kuwa sunayenta duk na zargi ne: gantali, ragaita, galantoyi, yawon banza. Ko shan iska da muka ɗan sassauta masa, tsakaninsa da iskanci ba nisa a baki. Yawon buɗe ido kalma ce ta zamanin boko, har yau kuma idan ka faɗe ta a ƙauye baƙi ake tunani, ba 'yan gida ba.

Ba wai kakanninmu ba su hau dutse ba ne. Sun hau fiye da mu nesa ba kusa ba, sai dai kowa da abin da ya kai shi. A Dala ta Kano an sami alamun narka tama da masana suka ce sun kai ƙarni na 7, watau maƙera ƙarfe suka bi. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, mai hidimar Tsumburbura, wanda ke zaune a kan Dala ba ya saukowa sai lokacin bikin shekara. Shi tsafi ya ajiye a can. Mutanen Zazzau sun zauna a Turunku, tsakanin Kaduna da Zariya, a jikin dutse, kafin gadon sarauta ya koma wajen Kufena cikin ƙarni na 16 kamar yadda tarihin baka ya nuna, har yanzu kuwa ana ganin ragowar ganuwa a kewayen wurin. Su tsaro suka nema. A kudancin jihar nan tamu, mutanen Kagoro da wasu ƙabilu da yawa sun yi zamansu a kan tsaunuka domin doki ba ya hawa dutse, mahara masu neman bayi kuwa a kan doki suke zuwa. Sai bayan zuwan Turawa aka yi ta saukowa fili. Ke nan duk wanda ya hau a da, ko dai ya ajiye wani abu a can, ko kuwa kansa ya kai ajiya. Tambayar Iya tsohuwar tambaya ce, kuma a zamanin da ta fito tana da amsa.

Ni da ba ni da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, bari in faɗi abin da na iske, ko mai karatu ya taya ni ba shi suna.

Kufena irin duwatsun nan ne da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili kamar an kife ƙwarya. A aji nakan gaya wa ɗalibaina cewa ba dutsen ne ya tsiro ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce ruwa da iska suka yi ta zaizayewa shekaru aru-aru, shi da ya fi tauri ya rage. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, sai fatarsa ta riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa. Wannan bayanin littafi ne. A ƙafa kuwa, abin da za ka fara sani shi ne numfashinka. Minti goma na farko kana jin kanka saurayi. Bayan nan sai cinyoyi su fara tuna maka shekarunka. Akwai wuraren da falalen dutse ya miƙe sumul, ba abin kamawa, dole ka haɗa da hannu ka yi rarrafe, girman malanta ya tsaya a ƙasa yana jiran ka. A cikin tsagogi ciyawa ta fito kore shar, wasu ƙananan itatuwa sun cusa saiwarsu inda ba ka ga ƙasa ko cikin cokali ba. Ruwan damina ya kwanta a 'yan kwarmi, garai-garai, da talibambam a ciki. Yadda uwarsu ta hawo nan ta yi ƙwai, Allah kaɗai Ya sani. Ƙadangaru na gudu, shirwa na shawagi, sai can ka lura ai yanzu bayanta kake gani, ba cikinta ba.

Da ka kai sama, iska ce ke fara gaishe ka, wata irin iska da ba ta biyo ta kan kwata ko hayaƙin janareta ba. Sai shiru. Mu mazauna Unguwar Kanawa ba mu san shiru ba. Ko tsakar dare akwai ƙarar manyan motoci masu nufar Kawo, da injin niƙa da asuba, da rediyon maƙwabci. Kaduna kuma gari ne shimfiɗaɗɗe, Turawa suka mai da shi hedkwata a 1917 saboda kogi da layin dogo, ba don wani tudu ba, saboda haka idon ɗan Kaduna bai saba wuce katangar gidan gaba ba. A kan Kufena kuwa ido sai ya gaji don kansa. Ga Wusasa a ƙarƙashinka da tsohuwar majami'ar ƙasa da 'yan mishan suka gina a 1929. Ga birnin Zariya da hasumiyoyin masallatai. Can arewa ga dogon ginin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya zama kamar kwalin ashana. Tsakani kuma gonakin dawa da masara, wani kore wani ruwan ƙasa, kamar an shanya zannuwa.

Na hau da damuwa a raina ran nan. Maigidan haya ya ƙara kuɗi, ƙarin girman da nake jira a wurin aiki ya shekara uku a kan tebur ɗin wani, ga wata 'yar tsama tsakanina da wani abokin aiki. Ina zaune a can sai na nemi damuwar nan na ga ta yi ƙanƙanta daidai da yadda gidaje suka yi. Ba warwarewa ta yi ba, girmanta ne ya koma na gaskiya. Na ce a raina, to ga amsar Iya: mutum yakan hau ne ya auna kansa. A cikin unguwa kai ne tsakiyar duniya, kowace magana da kai ake. A kan dutse kuwa sai ka tuna wannan falalen da kake zaune a kai ya ga mayaƙan Sarauniya Amina, ya ga na jihadi, ya ga na Lugga, bai kuma tambayi sunan kowa ba.

Da na tsaya a nan da maƙalar ta yi daɗin karatu. To amma fa ina cikin jin daɗin wannan amsa sai na leƙa ƙasa ta wajen da na biyo, na hangi wani ɗigo yana motsi a gefen gona. Na daɗe ina dubawa kafin in gane Iya ce. Ba a ganin itacen, ba a ganin ƙugun da take dafawa. Har wani kyau ɗigon ya ƙara wa filin, kamar yadda mai zane kan sa mutum ɗaya a gona don hoto ya cika.

A nan ne abin ya juye mini. Nisan da ya ƙanƙantar da damuwata, shi ne kuma ya ƙanƙantar da tata wahala, alhali kuwa ni nawa sauƙi ne, ita nata sharewa ne. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ashe hange daga kan Dala ma ba shiga birni ba ne. Daga sama babu bola, babu kwatar da ta toshe, babu layin marasa lafiya a asibiti, babu gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kowane gari kyakkyawa ne idan ka yi nisa da shi yadda ya kamata.

Na taɓa ganin irin wannan a Jos ban gane ba sai daga baya. Shekarun baya na hau tsaunukan Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, cikin watan Agusta. Wannan shi ne tudu na sosai: ba bishiyoyi sai jefi-jefi, gajeriyar ciyawa jiƙe da raɓa, manyan duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da gangan, hazo na zuwa ya rufe ka har ba ka ganin abokin tafiyarka, can ya yaye. A kan hanya, a filayen Filato, mun yi ta wuce wasu tafkuna masu ruwa kwance, muna ta ɗaukar hoto. Tafkunan nan ramukan kuza ne. Daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta kwasar dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza dole, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Mutanen ƙasar zafi aka kai cikin wannan sanyi ba suturar kirki, ba isasshen abinci, da yawa ba su koma gida ba. Ba duk ramukan ne na wancan lokaci ba, amma daga gefen titi ba ka iya bambancewa, duk kyansu ɗaya. Haka abin yake a tuddan arewacin Sikotlan da Turawa ke tururuwar zuwa kallo saboda faɗinsu da rashin mutane. Da akwai mutane. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 masu ƙasa suka tashe su daga ƙauyukansu don a sa tumaki. Shirun da mai yawo ke yabawa, na kufai ne.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wannan kallo ba sai an hau dutse ake yin sa ba. Shi ne kallon mai mulki da ke duban taswira ya ja layi ya ce nan hanya za ta bi, bai ga kabarin kakan kowa a ƙarƙashin alƙalaminsa ba. Shi ne kallon wanda ke cewa talakawa kamar yana cewa yashi. Kada kuma in yi ta nuna wasu da yatsa: ni ma idan na tsaya gaban allo, yara fiye da tamanin a gabana, fararen riguna kawai nake gani. Sai ranar da na kira ɗaya gefe in tambaye shi dalilin barci a aji, sa'an nan in ji ashe shi ke tura ruwa a kura kafin ya zo makaranta. Mu marubuta ma muna da namu dutsen. Sau nawa muke rubuta ƙauye da kukan tsuntsaye da 'yammata a bakin rafi, alhali ba mu taɓa ɗaukar tulun ba?

Wani abokina, almajiri ne sosai, da na kai masa wannan magana sai ya ce ai tun farko shi ya gaya mini lagawu ne, in zauna gida in huta. Ban yarda da shi ba, har yanzu kuma ban yarda ba. Addinin da muke bi ya yi ta kiran mu mu dubi halitta mu yi tunani, duwatsu kuwa suna cikin abubuwan da aka ambata da suna. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan keɓe a kogon Hira, a kan dutse, kafin a aiko shi. Annabi Musa a Ɗuri Sina aka yi magana da shi. Ba ina haɗa yawona na ranar Asabar da wannan ba ne, Allah Ya tsare ni. Abin da na lura da shi kawai shi ne babu ɗayansu da ya zauna a can. Barbushe ne ya zauna.

Akwai kuma masu cewa wannan duk harkar masu kuɗi ce da Turawa. Su ma tarihi bai goyi bayansu ba. A Ingila akwai wani tudu da ake kira Kinder Scout, tsawonsa mita 636, samansa shimfiɗaɗɗe, ƙasa baƙa mai riƙe ruwa kamar soso, ba bishiya sai gajerun tsirrai. Masu ƙasa sun hana kowa takawa, sun sa masu gadi, domin su riƙa harbin wata tsuntsuwa mai kama da fakara 'yan kwanaki a shekara. Ranar 24 ga Afrilu 1932 wasu matasa kimanin 400, yawancinsu ma'aikatan masana'antu daga Manchesta, suka hau da ƙarfin tsiya. Aka yi 'yar hatsaniya, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Ba gona suka je nema ba, ba ƙarin albashi ba. Mutanen da suka kwana shida cikin hayaƙi ne suka ce ranar hutu su ma suna da haƙƙin ganin sararin Allah. A 1951 yankin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Ingila. Idan leburan masaƙa zai yarda a ɗaure shi a kan kallo, to da wuya a ce kallo abin ƙoshi ne kawai.

Mu a nan ba wanda ya kewaye duwatsunmu da waya, amma an rufe mana su ta wata hanya. Da can nakan ɗebi 'yan aji biyar a mota mu je su ga abin da nake zana musu a allo. A watan Afrilu 2019 'yan bindiga suka kai hari gidan nan mai kama da fadar Turawan da, wanda ke kan dutse a Kajuru, suka kashe mutum biyu masu yawon buɗe ido. A watan Maris 2021 aka sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando, tafiyar 'yan mintoci daga unguwarmu. Tun daga nan babu shugaban makarantar da zan tunkara da zancen fita da yara, ni ma ba zan sa hannu a takardar ba, iyaye kuwa ba sai an faɗa ba. Yanzu ina da ɗaliban da suka iya zana layukan tudu da kwari a taswira, su ci jarrabawa, amma ba su taɓa tsayawa inda ya fi benen makaranta tsawo ba. Abin ya juya: da, mutane ke gudu kan dutse saboda mahara, a shekarun nan kuwa a wurare da dama mahara ne a daji da duwatsu, mutane na gudowa gari. Ina jin kunyar kiran wannan hasara a gaban manomin Birnin Gwari da ya bar gonarsa. Amma ƙaramar hasara ma hasara ce, kuma ɓarawo ɗaya ne ya yi mana.

Saukowa ta fi hawa wuya, duk wanda ya taɓa yi ya sani. Gwiwa na rawa, ido a kan ƙafa, ba sauran kallo. Na iso ƙasa wajen azahar, na iske Iya a gindin wata ɗorawa, ta ɗaure itacenta dami guda tana hutawa. Ta ce, "Ɗan nan, ka samo abin?"

Na zauna na miƙa mata sauran ruwan gorata. A raina na riga na shirya tausayinta: ga baiwar Allah, shekara da shekaru a gindin wannan dutse, talauci bai bar ta ta ga abin da ni baƙo na gani ba. Na ce, "Iya, ke kin taɓa hawa kuwa?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce tun ba a haifi uwata ba take hawa. Suna yara can suke kai awaki, can suke yankan ciyawa, ta san kowane tsagi. Ta ce, "Ta ina ka tsaya?" Na nuna mata. Ta ce, "Ayya, ai ba ka ga komai ba. Da ka zaga ta gabas akwai wani dutse mai kamar kujera. In hadari ya taso daga can, kana zaune za ka ga ruwa na tafiya da ƙafarsa, yana jiƙa wannan gari ya bar wancan, kai kuwa rana na dukan ka. Mukan bar awaki su yi ta ɓarna muna kallo, mu dawo gida a zane mu." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Rabona da wurin tun kafin gwiwar nan ta ƙi."

Na ce, "To Iya, me ya sa da safe kika ce aikin yi ne ba mu da shi?"

Ta ce, "To da kana da shi ka zo? Tashi ka ɗora mini, rana na yi."

Ta naɗa gammo. Na kama damin da hannu biyu na ɗaga, bai taso ba sai a karo na biyu.